Fulogi Shida a Bakin Rafin Sabuwa

Jawabin Hajiya Hajaratu, ungozomar gwamnati, a filin makarantar firamare ta Faskari, ranar da Ƙungiyar Ci Gaban Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa ta ƙaddamar da motar ɗaukar marasa lafiya, 1977

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Jama'a, ku yi mini haƙuri. Kafin in jero gaisuwa, akwai ajiyar da na riƙe wa wani tun bara, ina so in miƙa masa abinsa a gaban shaidu. A wannan fili, a gindin wancan maɗaci, shugaban ƙungiyarmu Alhaji Rabo ya miƙe, ya gyara babbar riga, ya ce: "Mata, ku share hawayenku. Kafin ruwan baɗi ya zauna, zan kawo maku motar da laka ba ta tsayar da ita, rafi ba ya mayar da ita. In kuwa ta kafe da mai naƙuda a ciki, ku ɗaura mani igiya a ƙugu, ni Rabo in ja ta." Haka ya faɗa. Aka yi tafi, aka yi guɗa, har da tawa. Alhaji, ga ajiyarka nan, ko harafi ɗaya bai zube ba.

Mai girma shugaban taro. Wakilan iyayenmu hakimai. Dagatai da masu unguwannin ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Malamanmu da limamanmu, Allah Ya ƙara maku lafiya. Jami'an lafiya da suka taso daga Funtuwa. 'Yan kasuwa da direbobi. Manoman 'Yargoje da na Pauwa da suka bar gona a ranar da ƙasa ke neman iri. Sai iyayena mata da 'yan'uwana, waɗanda aka zaunar can baya inda inuwar rumfa ba ta kai ba: ina gaishe ku duka, babba da yaro, na zaune da na tsaye.

An sa ni in yi godiya a madadin mata, kuma zan yi, domin ta cancanta. Mun gode wa wanda ya kawo buhun dawa, mun gode wa wanda ya jawo akuya. Mun gode wa tsofaffin da suka tara ƙwan zabi suka sayar, da 'ya'yanmu na Kaduna da Zariya da suka tuna gida lokacin da aka yi masu ƙarin albashi, ba su ƙarar da shi duka wajen rediyo da babur ba. Sama da kowa, mun gode wa Alhaji Rabo. Abin da ya fitar daga garkensa saboda motar nan, ba zan faɗa ba, don ba ya so a faɗa, amma makiyayansa sun san bijiman da babu su a turke yau. Allah Ya mayar masa da ninkinsu.

Ga waɗanda ba su san mu ba, kada ku ji harshena ya yi kaifi ku ce matar nan ba ta da kunya. Uwar Alhaji Rabo da ubana ciki ɗaya suka fito. Taubashina ne. Tun muna yawo ba takalmi muke gardamar wane ne bawan wani, har furfura ta fito ba mu gama ba. Al'ada ta ba ni ikon in faɗa masa abin da sauran jama'a za su haɗiye, kuma yau zan mori ikon nan har ƙarshensa.

Akwai wata yarinya a Unguwar Almu, gaba da Sabuwa, ƙetaren rafi. Sunanta Suwaibatu, matar Harisu manomi. Haihuwarta ta fari a damina ta zo. Yaro ya ƙi fitowa, aka ɗauko ta a makara, mutane suna karɓa-karɓa har bakin hanya. Da aka isa asibitin Funtuwa aka yi mata aiki, ita ta tsira, yaron bai zo da rai ba. Likita ya kira ni ya ce: wannan ƙugunta ƙarami ne, ga ɗinki a mahaifa, duk ranar da ta sake ɗaukar ciki, da ciwon farko a kawo ta, kada a jira na biyu. To, ta sake. Watanta zai kama a tsakiyar marka, lokacin da rana kan yi kwanaki ba ta leƙo ba. Duk abin da zan faɗa a kan inji da fetur, ku riƙa jin sa da Suwaibatu a zuciya, don ni da ita a zuciya na karanta shi.

Magana ta farko: abin da ya faru a rafi.

Motar nan da kuke gani, fara tas, an ɗaura mata ƙyalle a goshi kamar ragon layya, an riga an gwada ta. Bayan ruwan farko muka ɗauki hanyar Sabuwa. Audi direba na tuƙi, Alhaji na gaba, ni ina baya a kan bencin mara lafiya. A kan kwalta, wallahi, ban taɓa shiga mota mai daɗinta ba. Alhaji ya waiwayo ya ce, "Baiwata, kin ji? Ko kunu kika ɗora a cinya ba ya zuba." Na ce, "Na ji, bawana, Allah Ya kai mu inda kunun zai gwada kansa."

Muka bar kwalta, muka wuce Sabuwa, muka isa rafin Unguwar Almu. Ruwan ko idon sawu bai rufe ba. Shiga ba ta ba mu wahala ba, fita ce ta gagara. A hawan gaɓar can, in Audi ya sassauta totur, inji ya mutu. In ya taka, inji ya yi ta ihu, tayoyin baya su yi ta juyawa a wuri ɗaya, har muka fara jin ƙaurin kuloci kamar tuwo ya kama tukunya. Zan faɗi gaskiya a kan taubashina: bai zauna ba. Ya naɗe rigarsa ta shadda, ya shiga laka har gwiwa, ya sa kafaɗa. Mutumin da zai yi haka ba ƙaramin mutum ba ne. Amma mota ba ta san girma ba, ko motsi ba ta yi ba.

Harisu ne ya hango mu daga gona, ya kwanto shanun huɗarsa guda biyu, ya ɗaura igiya. Ya yi masu tsawa sau ɗaya, suka sunkuyar da kai, suka tafi da motarmu kamar suna jan garma. Na dubi igiyar, na dubi ƙugun Alhaji, na tuna zumunci, na kawar da kai.

Suwaibatu na tsaye a kan gaɓa da tulunta, ciki ya turo zane. Ta yi dariya har ta riƙe ƙugu, ta ce, "Inna Hajiya, wannan ita ce motar tamu? To ki ce wa Baba Alhaji in zai aiko ta, ya haɗo ta da shanunta." Kowa ya yi dariya, har da Alhaji. Da muka juya za mu tafi sai ta kama bakin mayafina, ta yi ƙasa da murya, ta ce, "Inna, yau ruwan wasa ne fa. Ranar tawa ba haka zai tsaya ba." Na dafa kafaɗarta, na shiga mota. 

A hanyar dawowa Alhaji ya ce, "Hajaratu, don girman zumunci, ki bari a gama biki." Na ce masa, "Alhaji, don girman zumuncin ne ba zan bari ba." Saboda haka ba kwanton ɓauna na yi masa yau ba. Ya san zan yi magana. Tsawonta ne kawai bai sani ba.

Magana ta biyu: yadda aka sayo ta.

Ba daga bakin kowa na ji ba, daga bakinsa na ji, a tsakar gidana, yana ba ni labari yana shafa gemu. Kun san Alhaji Rabo a kasuwar Sheme. Daga nan har Zariya babu mai idonsa a kan sa. In ya kama leɓen bijimi ya buɗe, ya dubi haƙora, ya faɗi shekarunsa, ko mai shi ba ya musu. To, da suka isa wurin mai sayar da motoci a Kaduna, abin da ya saba ya yi. Ya ce a buɗe masa bakin motar nan. Aka ɗaga murfin inji, ya sa yatsa ya ƙirga wayoyin fulogi: shida. Kusa da ita akwai wata, in ji shi, "mummuna, doguwa kamar rumbu, kujerunta kamar bencin alkali." Ya sa aka buɗe bakin wannan ma, ya ƙirga: huɗu. Ya ce, "Shi ke nan, magana ta ƙare. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi."

Mai motocin, Allah Ya saka masa, ya tambaye shi, "Alhaji, kwalta za ta bi ko daji?" Ku ji amsar taubashina: "Ƙasar nan ta yi arzikin mai. Kafin baɗi ko'ina kwalta ne."

Kada ku yi masa dariya shi kaɗai, domin duk mun faɗi irinta. Tun da fetur ya fi man gyaɗa araha muke ganin kamar komai an riga an gama, saura a kawo. Allah Ya sa kwaltar ta zo. Amma ko da yau aka fara zuba ta, cikin Suwaibatu zai riga ta isa.

Kuma ina tambaya, cikin ladabi: a cikin waɗanda suka tafi Kaduna, wa ya taɓa zama a bayan mota yana riƙe da kan mai naƙuda? An tafi da mai kuɗi, an tafi da mai rubutu, an tafi da mai tuƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma mai ɗaki aka bari a gida.

Magana ta uku, ita ce doguwar, ku gyara zama.

Bayan abin da ya faru a rafi, na je makarantar koyon sana'a na aro littafin da ake koyar da kanikawa da shi. Na karanta shi tsakanin awo da awo. Wanda ya iya karanta yadda zuciya ke harba jini, inji ba zai gagare shi ba. Da na gama na ce, ashe abin da maza ke rufe mana da kalmomin Turanci, aikinmu ne na kullum. Injin mota gidan daka ne.

A cikin kowane inji akwai ramuka kamar turame, su ake kira silinda. Kowane turmi da taɓaryarsa, ita ce fistin. Iska da fetur su shiga turmi, taɓarya ta danne su, fulogi ya ƙyasta wuta, su fashe, su tunkuɗa taɓarya da ƙarfi. Wannan tunkuɗar ita ke bi ta ƙarafa har ta juya taya. Bambancinsa da namu ɗaya ne: mu, mace ke tura taɓarya, shi, wuta ke tura ta. Kowane turmi fulogi ɗaya gare shi. Saboda haka Alhaji bai yi kuskuren ƙirga ba. Turmi shida ne a motar nan, huɗu a waccan.

Abin da bai tambaya ba shi ne girman turamen.

'Yan'uwana mata, ku na can baya, ku za ku yanke wannan shari'a. Mero, ke da furarki ta san duk direban da ke tsayawa a tashar Sheme, ki gaya wa maza: gida mai turmin yaji shida, da gida mai turmin surfe huɗu, in kowa ya cika turamensa sau ɗaya, wa ya fi ɗaukar hatsi? Kun ji ta. Ko ba ku ji maganar ba kun ji dariyar.

Haka yake a inji. Ana duba faɗin turmi, a duba nisan da taɓarya ke tafiya daga sama zuwa ƙasa, a san abin da turmi ɗaya ke ci. Sai a haɗa na duka turamen. Jimillar nan ita ce girman inji, ita ake rubutawa da lita. Motar da ke gabanku lita biyu ce. In kun raba wa turmi shida, kowanne cikin kwalbar lemo ɗaya ke nan. Waccan mummunar lita uku ce a turmi huɗu, kowane turmi ya fi cikin kwalba biyu. In duka turamen suka ci sau ɗaya, wannan ta ci kwalba shida, waccan ta ci tara. Wuta kuwa gwargwadon abin da aka ba ta take tashi, tunkuɗa kuma gwargwadon wuta. Ashe ko a shari'ar sarkin yawa, Alhaji, mai huɗun ce ta ci ka. Ka ƙirga bakuna, ba ka auna ciki ba.

Na ga Audi direba yana motsi a kujera, na san abin da ke cin sa. Zai ce, "Hajiya, takardar motar nan ta ce ƙarfin doki ɗari da goma gare ta, waccan kuwa tamanin." Gaskiya ne, Audi, ba ƙarya a takardar. Bari in ba mai shida haƙƙinta, don ban zo nan in zalunci ko da ƙarfe ba.

Ƙarfin inji abu biyu ne aka haɗa: nauyin bugu, da saurin bugu. Ƙaramar taɓarya ba nauyi, tafiyarta gajera ce, tana iya hawa da sauka da saurin da babba ba za ta iya ba. In kuwa shida ne, lugude ke nan: kafin wannan ta tashi waccan ta sauka, babu giɓi, babu girgiza. Shi ya sa kununa bai zuba ba a kan kwalta. In aka sake wa irin wannan inji hanya ya yi ta juyawa iyakar iyawarsa, ƙananan turamen nan shida za su dake abin da ya fi na manyan huɗu, don sun fi su yawan zagaye. A nan ne dawakin nan ɗari da goma suke. A hanyar Funtuwa zuwa Zariya, mummunar ko ƙurar wannan ba za ta gani ba.

Amma dawakin ba sa fitowa sai inji yana ihu. A gaɓar rafi kuwa, mota tafiyar tsohuwa take yi, da kaya a bayanta, da laka riƙe da ƙafafunta. A nan ba sauri ake tambaya ba, nauyin bugu ake tambaya, tun daga bugun farko. Ƙaramin turmi in yana juyawa a hankali ba shi da abin bayarwa, sai ya shaƙe ya mutu. In an matsa masa ya yi sauri, sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya, taya ta zame, kuloci ya ƙone. Abin da muka gani ke nan, abin da muka shaƙa ke nan. Babban turmi mai doguwar taɓarya ba ya bukatar ihu. Yana gurnani a hankali, kowane bugu da nauyinsa, yana tafiya da kaya.

Alhaji, wannan karatun ka riga ni saninsa, a kan dabba. In manomi ya zo maka neman san huɗa, ba ka taɓa nuna masa doki ba, ko da dokin ya fi kowa gudu a ƙasar Katsina. Ƙirji kake dubawa, da kaurin wuya, da yadda ƙafa ta zauna a ƙasa. Doki da sa duk ƙarfi gare su, amma ba ƙarfi iri ɗaya ba. Ranar rafi, dawaki ɗari da goma suna kwance a laka, shanu biyu suka tashe su.

Kada wani ya fita daga nan ya ce Hajaratu ta ce shida sharri ne, huɗu alheri. Ban faɗa ba. Akwai manyan motocin da ke ɗaukar auduga masu silinda shida, kowace silinda kamar tulu. Da irin wannan aka kawo, da ni zan fara guɗa. In inji biyu girmansu ɗaya, mai turame da yawa zai fi laushi, ya fi gudu, amma ya fi yawan abin lalacewa, mai turame kaɗan kuma ya fi sauƙin gyara a gindin bishiya. Yawan turmi wani abu ne, girman turmi wani abu ne, wanda zai sayi inji dole ya tambayi biyun, sannan ya tambayi hanya. Kuma ba inji ne kaɗai ba, ban ɓoye maku ba. Mummunar cikinta ya yi nisa da ƙasa, tayoyinta huɗu duka suna ja, tana da wata giya ta rarrafe da aka yi don irin gaɓarmu. Ban ce ba ta taɓa kafewa ba. Ranar da rafi ya kawo, babu motar da ke haye shi, sai a jira ya sauka. Amma cikar rafi ta yini ce, laka kuwa ta wata uku ce.

Magana ta huɗu: ƙofa ba ta rufe ba tukuna.

Da na je Kaduna karɓo allurar rigakafi, na biya wurin mai motocin. Mummunar tana nan inda Alhaji ya bar ta, babu wanda ya taya. Na gaya masa duk abin da ya faru, ban rage ba. Ya ce in dai ba a yi wa tamu lamba ba, ba a kuma rubuta mata suna a jiki ba, zai karɓa ya ba mu waccan, daga nan zuwa ƙarshen wata. To, na ji an kira mai fenti gobe, zai rubuta sunan ƙungiya da manyan haruffa daga goshi har wutsiya. Ina roƙon shugaban taro, ina roƙon iyayenmu da ke nan: a ce wa mai fenti ya dakata. In buroshinsa ya taɓa motar nan, mun aure ta ke nan.

Alhaji, na san abin da ke riƙe da kai, kuma ba rowa ba ce, ba ka san ta ba. Kunya ce. Ka riga ka gaya wa mutanen Malumfashi da na Bakori cewa tamu mai shida ce. Kana jin in ka koma da ita za a ce Rabo, mai ido a kan sa, an ga iyakar idonsa a Kaduna. Za a faɗa. Ni ma zan faɗa, duk Sallah, har ƙarshen rayuwarmu, wannan haƙƙina ne. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Dariyar kasuwa mako guda take yi ta mutu. Akwai irin maganar da ba ta mutuwa, wadda ake yi ƙasa-ƙasa a gidan makoki, kuma ba na so a yi ta da sunanka a ciki.

Jama'a, bari ku san wanda nake wa faɗan nan. Lokacin da aka zaɓe ni zuwa makarantar 'yan mata, manyan gidanmu suka taru suka ce ba inda za ni. Wani saurayi da ko gemu bai fara ba ya tsaya a zaure, ya ce wa ubana, "Kawu, ku bar ta ta tafi. Wannan bakin nata in bai sami aiki ba mu zai cinye." Aka kore shi, ya dawo. Aka sake korar sa, ya dawo da liman. Ranar tafiya shi ya ɗora akwatina a ka, da muka iso ruwa ya ajiye akwati a tsallake ya dawo ya goya ni. Shi ne wancan da ke zaune yana duban takalmansa. Alhaji, kai ka sa na iya karatu. In yau karatun ya faɗo a kanka, ka tuna kai ka shuka.

Yanzu ga tawa.

Na ba ka daga yau zuwa Juma'a ta sama. In an sauko daga masallaci ranar, ina so in ga mummunar nan tsaye a ƙofar ɗakin shan magani na Sabuwa, da ƙurar Kaduna a jikinta. In na gan ta, ni zan wanke ta da hannuna, in kuma yarda a gaban shaidu, na tsawon shekara guda, cewa ni ce baiwar.

In ban gan ta ba, ba zan kai ƙara wurin kowa ba, ba zan rubuta wa jarida ba, ba zan daina gaishe ka ba. Washegari Asabar, tun hanya tana biyuwa, zan hayo da Suwaibatu rafin nan da ƙafa, in sa ta a motar itace, in kai ta sabon gidanka na siminti da ke Funtuwa, wanda tsakaninsa da asibiti ko ɗan akuya ba ya gajiya. A ɗakinka za ta sauka, wanda ke da fanka, don mai tsohon ciki ba ta son zafi. Za ta zo da uwarta, da uwar mijinta, da ƙanwar da za ta yi mata aike. Bayanta akwai wasu irinta da na sani a Pauwa da 'Yargoje da dajin Faskari, kowace da tata rakiya. Za su zauna har su haihu, su zauna har su gama wankan jego. Itacen naka ne, kunun kanwar naka ne, kai kuwa zaure ya ishe ka har kaka. Kada ka dubi Hajiya Fatsuma neman ceto. Uwargidanka na fara gaya wa, ta ce in kawo su, ta ma fi son hayaniyar jarirai da labarin fulogi shida.

Kuna dariya, ni ma ina yi, amma ku san ba haka na so ba. Mace ba ta son barin ɗakinta da gonarta a tsakiyar damina ta je ta zauna gidan wani. Kuma waɗanda na sani kaɗai zan iya kwasowa. Wadda jini zai ɓalle wa ba zato, gidan Alhaji ba zai kai gare ta ba, mota ce za ta kai. Amma Suwaibatu, wadda na san ranarta na tafe, ba zan bar ta a ƙetaren rafi tana sauraron ihun inji daga nesa ba. Ko mota ta je mata, ko ita ta zo maka. Zaɓi naka ne, taubashina.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, ruwa a gona, ba a hanya ba. Allah Ya saka wa duk wanda ya sa hannu a wannan aiki, wanda ya ba da sa da wadda ta ba da ƙwai. Allah Ya ƙara wa iyayenmu da malamanmu tsawon rai. Allah Ya ja kwanan Alhaji Rabo, Ya kai shi Kaduna lafiya, Ya dawo mana da shi yana girgiza a kan bencin alkali. Allah Ya sauki duk mai ciki lafiya, Ya sauki Suwaibatu, Ya sa wannan karon ta ji kukan abin da ta haifa. Allah Ya mayar da kowa gidansa kafin hadarin can ya haɗu.

Na gode.